Yaƙin Da Ba A Yinsa Da Takobi

Ina so mu yi shawara a kan wata magana wadda ta yawaita a bakin Kirista, watau yaƙin ruhaniya. Kowace majami'a ka shiga za ka ji ana ambaton ikokin duhu, ana tsauta wa Shaiɗan har murya ta dushe. Ban ce wannan laifi ne ba. Abin da ya dame ni shi ne, sau da yawa mutum yakan fito daga wurin addu'a, ya hangi maƙwabcin da suke jayayya da shi, ya ce a ransa ga Shaiɗan ɗin nan. A ganina wanda ya yi haka an ci shi da yaƙi tun bai ɗaura sirdi ba.

Mu duba inda maganar ta samo asali. Manzo Bulus ya rubuta wa Afisawa wasiƙa yana ɗaure da sarƙa. A sura ta 6 ya gargaɗe su kada su ɗauki ɗan Adam abokin gaba, gama magabcin na ainihi ba ya ganuwa da ido. Sa'an nan ya lasafta musu kayan yaƙi irin na sojan Rum. Gaskiya ita ce ɗamara, adalci shi ne sulke, bisharar salama takalmi, bangaskiya garkuwa, ceto kwalkwali, Maganar Allah kuwa ita ce takobi. Ku ƙirga, guda 6 ne, babu ko ɗaya da zai fid da jinin mutum. Haka kuma daren da aka kama Yesu, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, sai Ubangijinsa ya hana shi, ya kuwa warkar da kunnen wanda ya zo kama shi.

Wani zai ce wannan labarin mutanen dā ne. To, ga na zamaninmu. A shekarar 1992 rikici ya ɓarke a Zangon Kataf, ya bazu har cikin garin Kaduna. A lokacin James Wuye yana cikin shugabannin samarin Kirista masu ɗaukar makami, yana tsammani aikin Allah yake yi. A faɗan nan ya rasa hannunsa na dama. Ta ɗaya gefen kuwa akwai Muhammad Ashafa, shi ma jagoran samarin Musulmi, wanda aka kashe masa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani da ya san su duka ya haɗa su, suka gaisa, amma kowa da abin da ya ƙulla a zuci.

Nan ne wurin da nake so ku lura. Wuye da bakinsa ya ba da labari cewa ya yi shekaru yana aiki tare da Ashafa, alhali bai daina sha'awar kashe shi ba, har in sun kwana ɗaki ɗaya a wurin tafiya yakan yi tunanin danne shi da matashin kai. Ga fasto, ga Littafi Mai Tsarki a hannu, ga wa'azi a baki, amma duhu na zaune cikin ƙirjinsa. Ashe filin dagar ba a titunan Kaduna yake ba, a zuciyarsa yake. Abu biyu suka karya shi. Da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, Ashafa ya je duba ta, da ta rasu kuma ya je ta'aziyya. Daga baya wani mai wa'azi ya faɗa masa ba shi yiwuwa ya yi shelar Almasihu yana ƙin mutanen da yake yi wa shelar. Sai ya saki ƙiyayyar.

Ya kamata kowane Kirista ya sunkuyar da kai a nan, domin alherin da ya fara tsaga wannan duhu ya fito daga hannun wanda aka ɗauka maƙiyi ne. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mutanen nan biyu suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna. Da ƙoƙarinsu shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan alkawarin zaman lafiya a watan Agusta na 2002. Bayan kashe-kashen Yelwa ta Jihar Filato a 2004, suka yi ta kai da kawowa har aka ƙulla sulhu a 2005.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce rama cuta ga macuci ibada ne, kuma wanda ya yafe yau gobe za a ƙara masa. Za a kuma tuna mini cewa wata uku bayan alkawarin nan, a Nuwamba 2002, Kaduna ta sāke kamawa da wuta. Gaskiya ne, ban musa ba. Gafara ba laya ba ce da za a rataya a wuya a ce an gama. Ba ta kuma rufe ƙofar alƙali ba. Wanda ya yi kisa a kai shi gaban shari'a, wanda aka ƙone wa gida a biya shi, wannan aikin hukuma ne. Abin da gafara ta hana shi ne mutum ya zama alƙalin kansa, ya ɗora laifin mutum ɗaya a kan kabilarsa duka. Ramuwa kuwa, ku gaya mini garin da ta taɓa kwantar wa da hankali. Kowa ya rama, ya ba ɗan wancan dalilin ramawa, haka za a yi ta gādon gaba har jikoki su manta mafarinta.

Kada kuwa a ce wannan hanyar matsorata ce. Jifa da dutse cikin taro, ko yaro ya iya. Amma ka je gaisuwar mutuwa gidan wanda ya cuce ka, mutanenka na kiranka maci amana, wannan sai namijin gaske.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kana so ka yi yaƙin ruhaniya, ba sai ka jira ranar tarzoma ba. Akwai wanda ka daina gaisarwa, akwai wanda ya ɓata maka suna, akwai yaron da ka tsana cikin aji don laifin ubansa. Fara da su. Ambaci sunansu cikin addu'arka da fatan alheri, in ciwo ya kama su ka je dubiya, in sun nemi rance kana da hali ka ba su. Wa ya taɓa korar duhu daga ɗaki da kulki? Fitila ake kunnawa, ko da 'yar aci-bal-bal ce. Allah ya ba mu ikon kunna ta, amin.