Tsohuwar bindiga shaida ce, a kai ta gidan tarihi

Malamai ƴan uwana, iyayen yara, ku tambayi ɗan ajin CM2 mece ce Kalash, nan take zai zana muku ita a allo. Ku tambaye shi da me Sarki Tanimun ya tsare Damagaram, sai ya sunkuyar da kai. Alhali a ƙarni na 19 maƙeran Tanimun suna ƙera igwa a cikin birnin. Laifin namu ne, mu manya.

Wasu iyaye suna cewa nuna wa yaro bindiga, ko da a gidan tarihi ne, koya masa ta'adi ne. Ban yarda ba. Yaron ya riga ya gan ta a salula, a hannun ɗan bindiga mai taƙama. Abin da bai samu ba shi ne mai yi masa bayani.

Ta yaya zan fahimtar da ɗalibi abin da ayarin Voulet da Chanoine ya aikata a Lugu da Birnin Ƙonni a 1899? In ya ga bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki bayan kowane harbi, kusa da ta Nasara mai cin harsashi ta gindi, zai gane da kansa cewa kakanninsa ba ragwaye ba ne, makami aka fi su. Lebel ta 1886 tana ɗaukar harsashi 8, kuma albarushinta ba ya tada hayaƙi. Berthier ta 1907 kuwa don sojojin Afirka ta Yamma Faransa ta ƙera ta, waɗanda aka kwashe zuwa yaƙin 1914.

A ƙasar Turawa masu tara kayan tarihi suna sayen irin waɗannan da tsada, suna rubuta lambarsu da shekararsu. Mu kuwa tsatsa ke cin namu, ko a sayar wa dillalin ƙarfe a kilo.

Ban ce kowa ya ajiye makami a ɗaka ba. Ƙona makaman tawaye da aka yi a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 daidai ne. Amma tsohuwar bindigar mazan jiya hukuncinta daban. Mahukunta su karɓe ta, a toshe ta yadda ba za ta sake tashi ba, a rubuta sunan mai ita da yaƙin da ya je. A ajiye wasu a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wasu a Damagaram, Maraɗi da Tawa, inda malami zai iya kai ajinsa da ƙafa.

In a gidanku akwai irinta, kada ku kai wa dillali. Ku zauna da tsofaffi tun suna raye, ku rubuta labarinta, sannan ku miƙa ta ga hukuma.