Filashin Hannu Marar Waya da Ɗigon Ƙarfen da Bai Kamata a Cire Ba

Duk wanda ya ɗauki kyamara ya duba samanta zai ga wani ɗan mazauni na ƙarfe mai baki biyu, inda ake zura ƙafar filashi, watau fitilar nan da ke walƙiya lokacin ɗaukar hoto. A tsakiyar mazaunin akwai ɗigon ƙarfe guda ɗaya mai ɗan girma, a wasu kyamarorin kuma akwai ƙananan ɗigo uku ko huɗu a gefensa. Mutane da yawa suna shekaru da kyamara ba su taɓa tambayar amfanin waɗannan ɗigogi ba, alhali kuwa a kansu ne ake yanke hukuncin ko filashin da mai hoto ya saya da guminsa zai ci gaba da yi masa aiki, ko kuwa zai zama kayan ajiya ranar da ya sauya kyamara.

Aikin ɗigon tsakiya ba shi da wuyar ganewa. A cikin filashi akwai ma'ajin lantarki da ke tara ƙarfi daga batura har ya kai kimanin bolt 300, da kuma wani siririn bututun gilashi cike da iskar zenon, dabarar da Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka ya bunƙasa tun daga 1931. Idan labulen kyamara ya buɗe gaba ɗaya, sai kyamarar ta haɗa ɗigon tsakiya da ƙarfen gefen mazaunin, kamar yadda ake danna makunnin fitilar ɗaki, nan take lantarkin ya ratsa iskar, haske ya fita. Iyakar saƙon ke nan: lokaci ya yi. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 518 ce ta tsara siffar wannan mazauni, kuma saboda ita ne filashin wani kamfani ke iya tashi a kan kyamarar wani.

Su kuwa ƙananan ɗigogin, kowane kamfani da nasa tsari da nasa yare. Ta cikinsu ne kyamara ke auna hasken da ya shigo ta gilashinta, ta gaya wa filashi gwargwadon ƙarfin da zai fitar, tsarin da ake kira TTL. Olympus ne ya fito da shi a kyamarar OM-2 cikin 1975, Canon ya kawo nasa E-TTL a 1995, Nikon kuma i-TTL a 2003. Filashin da ke jin yaren Canon kurma ne a gaban Nikon. Idan aka ɗora shi a can, in ma ya tashi, to ɗigon tsakiya ne ya tashe shi, sauran dabarun da aka biya kuɗi mai yawa dominsu kuwa sun zama banza.

A nan ne filashin hannu ya yi wa takwaransa fintinkau. Shi ba ya neman shawarar kyamara game da ƙarfin haske. Mai hoto ne ke juya masa: cikakken ƙarfi, ko rabi, ko kwata, har zuwa kashi 1 cikin 128 a yawancin na zamani. Da aka haɗa shi da rediyo sai abin ya ƙara armashi. Ana ɗora 'yar ƙaramar na'urar aika saƙo a mazaunin kyamara, ita kuma ta miƙa umurnin tashi ta iska, galibi a zangon gigahaz 2.4, zuwa ga filashin da aka kafa a kan sanda can gefe, ko bayan lema, ko a wani lungu na ɗaki. Irin su Yongnuo YN560 III da Godox TT600 suna zuwa da mai karɓar saƙon a cikin jikinsu. Kafin rediyo ya yi araha, abin da aka dogara da shi shi ne wani ɗan ido mai jin haske, wanda ke tayar da filashi idan ya ga walƙiyar wani. Wannan yana aiki a cikin ɗaki, amma tsakar rana yakan rikice, bango yakan tare shi, sa'an nan a wurin biki duk baƙon da ya ɗauki hoto da filashi sai ya tayar wa mai hoto da nasa. Saƙon rediyo ba ruwansa da rana, kuma yana ratsa bango marar kauri.

Akwai masu cewa aikin hannu koma baya ne, tun da inji na iya yin lissafin cikin ƙiftawar ido. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya a wuri ɗaya. Ɗan jaridar da ke bin ayarin hawan salla, ko mai hoton da ke kutsawa cikin 'yan rakiyar amarya, inda tazara ke sauyawa kowane daƙiƙa, lallai TTL na rage masa asara. Amma a ɗakin hoto, ko wurin ɗaukar hoton fasfo, ko a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a inda ake son hoton ganye ko ƙwaro ya fito da haske iri ɗaya sau hamsin a jere, hasken da ba ya sauyawa ya fi hasken da ke tunani. TTL yakan ruɗe da farar shadda ya rage haske, ya ruɗe da baƙin mayafi ya ƙara, alhali mutumin bai motsa daga inda yake ba.

Lissafin ma da ake tsoro bai taka kara ya karya ba. Kowane filashi yana da lambar ƙarfinsa, wadda ake samu idan aka ninka tazara da lambar kafar haske ta gilashin kyamara, a ma'aunin ISO 100. Alal misali, filashi mai lamba 40 a ma'aunin mita, idan mutum yana nesa da shi da mita 5, sai a raba 40 gida 5, a saka kafar haske a f/8. In aka ninka tazarar zuwa mita 10, hasken da zai isa ga mutumin ya koma kashi 1 cikin 4, ba rabi ba, domin haske yana bazuwa ne a faɗi da tsawo gaba ɗaya. Ɗalibin kimiyyar lissafi ko fiziya da ya karanta wannan doka a allo zai gan ta da idonsa a fuskar abokinsa cikin minti biyar. Abin da ya rage shi ne kiyaye saurin labule, kada ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa a yawancin kyamarori, domin in ya wuce haka labule na biyu zai fara rufewa kafin na farko ya gama buɗewa, sai wani baƙin zane ya cinye gefen hoton.

To, amma wannan 'yanci yana rataye ne a kan ɗigo ɗaya, kuma kamfanoni sun sha nuna cewa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A 1988 Minolta ya watsar da mazaunin kowa da kowa ya ƙera nasa na daban. Sony ya gaji wannan tsari lokacin da ya karɓi harkar kyamarorin Konica Minolta a 2006, bai kuma dawo ga siffar da aka saba da ita ba sai 2012, watau shekara 24 masu amfani da waɗannan kyamarori suna neman mahaɗi kafin su ɗora filashin wani. Canon kuwa ya fitar da EOS 4000D a 2018 da EOS 250D a 2019 babu ɗigon tsakiya sam, sa'an nan EOS R50 ta 2023 ta zo da sabon mazauni da sai an sayi mahaɗi mai suna AD-E1 kafin tsofaffin filashi su yi aiki a kanta. Abin lura shi ne waɗannan kyamarori ne masu araha, waɗanda ɗalibai da masu fara sana'a ke saye. Wanda ya fi kowa bukatar filashi mai sauƙin kuɗi shi aka rufe wa ƙofa. Ko da an ce rage kuɗin ƙira ne dalili, da wuya mai hankali ya yarda cewa ɗan ɗigon ƙarfe da siririyar waya ne ke tsadar da kyamara.

Laifin dai ba na kamfanoni kaɗai ba ne, domin akwai haɗarin da ke zuwa daga tsofaffin filashi, kuma ya shafi duk mai sayen kayan gwanjo. Kyamarorin da can makunnin ƙarfe ne zalla a cikinsu, ba sa jin komai idan lantarki mai ƙarfi ya ratsa su. Saboda haka wasu filashin shekarun 1970, kamar rukunin farko na Vivitar 283, suna ɗauke da fiye da bolt 200 a ƙafarsu. Ƙa'idar ISO 10330 ta nemi kyamara ta jure bolt 24 ne kawai, wasu kyamarorin kuma ko wannan ba su kai ba. Ɗora irin wannan filashi kai tsaye a kan kyamarar zamani na iya ƙone mata makunni, wani lokaci ba ranar farko ba, sai a hankali. Maganin abin mai sauƙi ne: a kunna filashin, a jira ya cika, a ɗora mitar auna lantarki irin ta masu gyaran rediyo tsakanin tsinken tsakiya da ƙarfen gefen ƙafar, a karanta. Rediyo ma yana taimakawa a nan, tun da na'urar aika saƙo ce ke zaune a kan kyamara, tsohon filashin kuwa yana can nesa a kan mai karɓa, sai dai shi ma mai karɓar yana da iyakar abin da zai jure, kuma a rubuce take a takardarsa.

Wani abu kuma da mai saye ya kamata ya sani shi ne, su ma na'urorin rediyon ba sa jin yaren juna. Mai aika saƙo na Godox ba ya tayar da filashin Yongnuo duk da cewa zangonsu ɗaya ne. Bambancin shi ne, wanda ya tara filashin hannu guda uku ya sauya daga Nikon zuwa Fujifilm, abin da zai sake saye bai wuce 'yar na'urar da ke kan kyamara ba, wani lokaci ma tsohuwar za ta ci gaba da tayar da su muddin sabuwar kyamarar tana da ɗigon tsakiya. Saboda haka kafin a biya kuɗin kyamara, sabuwa ko ta hannu, sai a zare murfin robar da ke kan mazaunin a duba ko ɗigon yana nan, a kuma roƙi mai kanti ya ɗora filashin hannu a danna a ga ya tashi.