Ciwon Sikila: An Sami Magani a Turai, Amma Kuɗinsa Ya Fi Ƙarfin Masu Ciwon

A ranar 16 ga Nuwamba, 1923 ba wanda ya san abin da ke haddasa ciwon sikila. Shekara ɗari cif bayan haka, ranar 16 ga Nuwamba, 2023, hukumar kula da magunguna ta Ingila ta ba da izinin yin amfani da wani magani mai suna Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin gado na mai ciwon. Amurka ta bi sahu ranar 8 ga Disamba na wannan shekara. Labarin ya shafi Nijeriya fiye da kowace ƙasa, domin an ƙiyasta cewa a nan ake haihuwar jarirai wajen 150,000 da wannan ciwo kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa a jini ba tare da yana ciwo ba.

Kafin a auna amfanin maganin, ya kamata a san inda ɓarnar take. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan tantanin halitta da ido ba ya gani. A cibiyar kowane tantani akwai wani dogon zare da masana ke kira DNA, wanda aka rubuta umarnin gina jiki a kansa da haruffa huɗu kacal, watau A, T, G da C. Wannan zare ba ya barin cibiya, kamar dai littafin asali da ba a yarda a fita da shi daga ma'ajiya ba. In ana bukatar wani aiki, sai tantanin ya kwafi sashen da ake so a kan wani zare mai suna RNA, wanda shi ne ɗan aike. Shi ke fita da saƙon zuwa wata ƙaramar masaƙa da ake kira ribosom.

A masaƙar nan ake karanta saƙon, harafi uku-uku. Kowane haruffa uku suna nufin wani sinadari guda daga cikin iri 20 da ake kira amino asid, ana jera su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirya dutsen wuya a zare. In jerin ya cika sai ya naɗe kansa ya zama furotin. Yadda jerin yake, haka siffar furotin za ta kasance, siffar kuwa ita ce ke ba shi aikinsa. Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei ne suka fara warware ma'anar haruffa ukun farko a Amurka cikin 1961.

To, furotin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi, sunansa himogulobin. Ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa tana da amino asid 146. A wajen mai sikila, haruffan da ke tsaye a gurbi na shida sun sauya daga GAG zuwa GTG. Harafi ɗaya ke nan. Masaƙar ba ta san kuskure ba, abin da aka aiko mata shi take karantawa, saboda haka sai ta sa sinadarin balin a inda ya kamata ta sa gulutamik asid. Vernon Ingram ne ya gano wannan bambanci a Kambirij cikin 1957.

Sakamakon ba ƙarami ba ne. Da zarar iskar oksijin ta ragu, wannan himogulobin sai ya manne da juna ya zama dogayen sanduna, ƙwayar jini ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi su ke toshe ƙananan hanyoyin jini, su kawo ciwon ƙashi mai tsanani da iyaye suka sani sarai, har da shanyewar ɓarin jiki ga yara ƙanana. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, amma mai siffar lauje da wuya ta wuce kwana 20, dalilin ƙarancin jini ke nan. Abin da ya sa irin ya yawaita a ƙasashenmu kuwa, Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa wanda ya gaji irin daga ɓangare ɗaya kaɗai yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro.

Abin mamaki game da Casgevy shi ne bai taɓa harafin da ya ɓaci ba. Ɗan tayi a cikin mahaifa yana yin wani himogulobin na dabam wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, amma cikin watannin farko bayan haihuwa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A takan rufe shi. Likitoci sukan ɗebo tantanin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, su yi amfani da almakashin gado da ake kira CRISPR su raunana wannan makulli, sa'an nan su mayar da tantanin cikin jiki. Daga nan jiki ya koma yin himogulobin na jarirai. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da tashin ciwon mai tsanani ba.

Amma fa kada a ɗauka allura ce a sha a tafi gida. Tilas ne a fara kashe ɓargon majiyyaci da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda kan iya hana shi haihuwa, kuma zai kwanta asibiti makonni. Ga kuma kuɗi: a Amurka an yanka masa dala miliyan 2 da dubu 200 kan mutum ɗaya, abin da ya haura naira biliyan 3 a canjin 2025, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024. Ko dashen ɓargo na gargajiya, wanda asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya fara yi a 2011, 'yan kaɗan ne ke iya biya.

Sai dai wannan ilmi ɗin bai bar talaka hannu rabbana ba. Akwai tsohon magani mai suna haidiroksiyuriya, ƙwaya ce da ake haɗiya kullum, kuma aikinta ya yi kama da na Casgevy, watau ƙara yawan himogulobin na jarirai, ko da yake ba ta warkarwa. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Kano, aka buga sakamakonsa a 2022, ya nuna cewa ko ƙaramin awo na wannan ƙwaya yana taimakawa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. A nan ne kuɗin gwamnati zai fi yin tasiri: a gwada jarirai tun suna jego, a ba su rigakafi da maganin sauro, a kuma sa ƙwayar ta samu da araha a asibitocin ƙananan hukumomi.

Ta fannin rigakafi, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a 2024 kan dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin irin jini. Dokar tana da tushe, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS. Yawanci a nan ake kuskuren fahimta, mutane su zaci in ɗan fari ya zo da ciwon to uku na bayansa sun tsira, alhali kowane ciki lissafinsa dabam ne. Nasarar dokar ta dogara ga ingancin ɗakunan gwaji, gama takardar da ta ce AA a inda jini yake AS ta fi rashin takarda haɗari. Hukumomin lafiya na jihar ne ke da alhakin tantance waɗanda ke ba da waɗannan takardu, da kuma samar da ma'aikatan da za su zauna da saurayi da budurwa su bayyana musu ma'anar sakamakon tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.