Hoton Jariri: Abin Da Mai Jego Za Ta Tarar

 

A 'yan shekarun nan wani yayi ya shigo mana, musamman a manyan garuruwa irin su Kano da Kaduna da Abuja, wato ɗaukar jariri hoto na musamman tun yana ɗanyen goyo. Za ki ga an naɗe shi tamau cikin ƙyalle, an kwantar a kwando ko akushi, yana ta sharar barcinsa. A da hoton ranar suna shi ne iyaka. Wannan salo daga Turawa ya zo, kuma wata mai hoto 'yar ƙasar Ostireliya, Anne Geddes, ita ta yi fice da shi, musamman bayan littafin hotunanta na 1996 mai ɗauke da jarirai cikin furanni da tukwanen shuka. Ba hukuncin hoto na zo tattaunawa ba, wannan kowacce ta tambayi malaminta. Magana ta ga wadda ita da maigidanta suka riga suka yanke shawarar yi, don ta san abin da za ta tarar.

Masu sana'ar sun fi son jariri ɗan kwana 5 zuwa 14, domin a lokacin barcinsa na da nauyi, kuma yana dunƙulewa kamar yadda ya saba a ciki. Da ya wuce mako biyu sai ya fara miƙewa, barcin ya ragu, wani ma ƙuraje su feso masa a fuska. To ke kin san waɗannan kwanaki tsakiyar jego ne. Shawarata kada ki haɗa da ranar suna. Gida cike yake, yaro ya sha hannu, ke kanki a gajiye. Ki kuma tuna da askin ranar bakwai: in da gashinsa kike son hoton, sai a yi kafin wanzami ya zo. Ya fi miki sauƙi mai hoto ta zo gida, balle in aiki aka yi miki. Na ce ta zo, domin za ki shayar sau da yawa a gabanta, saboda haka mace za ki nema tun farko.

Kada ki yi zaton abu ne na minti goma. Zaman kan ci awa 2 zuwa 4, kuma mafi yawansa a shayarwa da lallashi da canza famfas yake tafiya. Ki ba shi nono ya ƙoshi kafin a fara, ki sa ya yi gyatsa. In ya tsula fitsari ko ya yi kashi a ƙyallen mai hoto, kada ki ji kunya, sun saba. Abin tambaya dai shi ne, an wanke ƙyallen bayan yaron da ya gabata?

Za ki ji ɗakin da ɗumi, wajen digiri 26 zuwa 28, saboda jariri marar kaya saurin ɗaukar sanyi gare shi, musamman da hunturu. Amma fa ba da garwashi za a ɗumama rufaffen ɗaki ba, kuma janareta ya yi nesa da taga. Turaren wuta ma a ɗaga masa ƙafa a ranar. In kin ga yaro ya yi ja yana gumi, a sassauta naɗin.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau. Hoton nan da kike gani jariri ya yi tagumi, ko yana reto cikin ƙyalle a jikin reshe, ba haka aka ɗauke shi ba. Hotuna biyu ne ko fiye aka haɗe a kwamfuta: a ɗaya hannun babba na riƙe da kansa, a ɗayan yana riƙe da hannuwansa, sannan a goge hannun babban. Wuyan jariri ba ya iya ɗaukar kansa. Mai hoton da ba ta san wannan ba, ta gani a Instagram kawai ta ce za ta gwada a kan ɗanki, ki ce mata a'a kai tsaye, ko da 'yar uwar maigida ce. Dole wani ya zauna kusa da yaron, hannu a shirye, ko da a kwando yake. Ki lura kada haɓarsa ta danne ƙirjinsa, domin hakan na toshe numfashi. In yatsunsa sun fara yin shuɗi ko ya ƙi kwanciyar, a canza. Ba a saka jariri cikin abin gilashi, ba a ɗora shi a wuri mai tsawo. Kwanciyar rub da ciki kuma ta 'yan mintunan hoto ce kurum, ana kallonsa; barcinsa na gida a rigingine ne.

Sai kwalliya, wadda nan ne iyayenmu da kakanni kan sa baki. Kwalli na dutse sau da yawa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka gano daga kwallin da aka kai daga Nijeriya ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mu da muka ga abin da wannan guba ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa da ita ba. Lalle kuma, da kafur ɗin da muke jefawa cikin akwatin kaya, suna iya farfasa jinin yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin da likitoci ke kira G6PD, wanda ya fi yawa ga 'ya'ya maza, sai shawara mai tsanani ta biyo baya. Hoda ma a bari, shaƙarta yake yi. Kada a tsinke cibiya don hoto ya yi kyau. Da kanta take faɗuwa cikin mako ɗaya zuwa uku, kuma ƙyalle na rufe ta.

In kika wayi gari idonsa ko jikinsa ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za ki nufa, hoto ya jira. Haka in mai hoton na mura. Ta wanke hannu kafin ta taɓa shi, kuma ban da sumbata.

Kafin ki biya kafin alƙalami, ku yi magana a fili: hotuna nawa za a gyara a ba ki, yaushe za ki karɓa, a waya ne ko har da wankewa. Sannan babbar tambaya, za ta saka hoton ɗanki a shafinta na talla? Da yawa suna yi ba tare da sun tambaya ba, alhali dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ake amfani da bayanan yaro. In ba ku so, ki faɗa mata, ki kuma tura mata a rubuce ta WhatsApp don ya zama shaida. Hoton da aka ɗauka tsirara kuwa, ni dai a ganina ko ke kada ki tura wa kowa, domin abin da ya shiga intanet ba ki da ikon dawo da shi, kuma yaron nan zai girma ya gani.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.