Ra'ayinmu: Wa Zai Ce wa Babba "Kada Ka Tashi"?

Ranar 25 ga Oktoba, 2012, da almuru, wani ƙaramin jirgi samfurin Cessna 208 ya taso daga Jalingo, ya fāɗi a daji gab da Yola sa'ad da yake shirin sauka. Mai tuƙin kuwa Gwamnan Taraba ne da kansa, Danbaba Suntai. Ya tsira da rai, amma da rauni a ƙwaƙwalwa. Aka yi ta jinyarsa a Jamus da Amurka, jihar ta shiga rikicin shugabanci, shi kuma bai sāke warkewa ba har ya rasu a 2017.

Ba domin mu tone kabari muka tuno da wannan ba. Rahoton masu bincike ne ya kamata kowa ya ji. Sun tarar cewa awoyin tuƙinsa duka duka ba su kai 60 ba, izinin da yake da shi na ƙaramin jirgin koyo ne, Cessna 172, ba shi kuma da shaidar tuƙi da na'urori. Duk da haka ya kama hanya rana tana fāɗuwa.

'Yan'uwa, sauka ita ce wuyar aikin jirgi. A lokacin ne gudu ya ragu, ƙasa ta matso, ba sauran sarari na gyara kuskure. In duhu ko hazo ya rufe, ido yakan ruɗi mutum, ya ga kamar yana sama alhali ya kusa taɓa itatuwa. Gogaggen matuƙi yakan fasa sauka, ya sāke kewayowa, ba ya jin kunya. Sabon hannu kuwa sai ya nace, gama bai taɓa ganin abin da nacin yake haifarwa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne shirun da aka yi a Jalingo. Akwai ma'aikata a filin, akwai dogarawan da suka shiga jirgin tare da shi, amma wa zai ce wa Gwamna a bari sai da safe? Mun san halinmu da manya.

Ƙananan jirage ne suke kai likitoci wurare kamar asibitin Galmi a Nijar, don haka batun ya shafe mu. Muna roƙon hukumar NCAA ta ba jami'in kowane ƙaramin fili ikon duba takardun matuƙi, ya hana shi tashi ko wane ne shi, ta kuma tsaya masa in aka nemi korarsa daga aiki.