Shekarar 2023 a idon malamin ƙauye: fim, kokawa da siyasa



Na saba duk ƙarshen shekara in ɗauko littafin sunayen ɗalibaina in duba wanda ya ci gaba, wanda ya ja baya, da wanda ya daina zuwa. Bana da na buɗe shi, sai hankalina ya koma kan wata 'yar rigima da aka yi a farfajiyar makarantarmu a nan Gangara cikin watan Nuwamba.

Yara biyu ne 'yan aji shida suka kaure da faɗa lokacin shan iska. Da na raba su na tambayi dalili, sai aka ce ɗaya ne ya kira ɗan uwansa "ɗan Tinubu", saboda mahaifiyarsa 'yar wani ƙauye ce a ƙetaren iyaka, cikin jihar Katsina. Na tambayi mai zagin inda ya ji wannan magana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, a fada ake faɗi." Jikina ya yi sanyi, domin fadar da yake nufi ita ce wadda nake shan shayi da mahaifinsa kusan kowane dare, kuma na san irin maganganun da ni kaina na yi a wurin lokacin da kuɗin shinkafa ya tashi.

Kowa ya san abin da shekarar nan ta zo da shi. Tun ranar 29 ga Mayu, da sabon shugaban Najeriya ya ce an cire tallafin mai, muka fara jin abin a wurin 'yan ruwa-ruwa da 'yan kabo-kabo. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi ragamar ƙasa. Ranar 30 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO ta zauna a Abuja ta sa mana takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba mu. A watan Satumba Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen AES, kuma ranar 22 ga Disamba sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar nan. Mutumin Yamai ya ji waɗannan a matsayin manyan labarai. Mu da ke bakin iyaka a tukunya muka ji su, da wurin sayen magani, da bukukuwan dangi da muka kasa zuwa.

Ban zo in gaya wa kowa ra'ayin da zai riƙe game da juyin mulki ko CEDEAO ba. Abin da ya dame ni shi ne yaran da ke zaune a gefen tabarma suna sauraronmu. Duk shekarar nan suna ɗaukar darasin siyasa, kuma mu ne malamansu ba tare da mun shirya darasin ba. Abin da suka ɗauka shi ne: wanda ya saɓa maka maƙiyi ne, wanda ya faɗi a taka shi, wanda ya yi nasara kuma kada a tambaye shi komai.

Abin mamaki, yaron da ya yi zagin nan babu wanda ya fi shi son finafinan Kano a ajina. An hana manyan motoci wucewa ta Ɗan Issa zuwa Jibiya, amma Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa ba su tsaya a shingen kowa ba. Ta intanet suke shigowa, wani ya sauke a salula, a tura wa juna a shagon caji, kafin magariba rabin unguwa ta kalla. Yaranmu sun san sunayen 'yan wasan Kano fiye da sunayen jihohin ƙasarmu takwas. Da rana yaro ya zagi Najeriya, da dare ya yi kuka saboda an zalunci wata yarinya a fim ɗin da aka ɗauka a Kano. Bai ga wani saɓani a nan ba, domin babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa.

Na daɗe ina cikin malaman da ke ƙorafi kan finafinan nan, kuma har yanzu ina da ƙorafi. Suna cinye lokacin bita, yaro ya zo aji da safe idonsa ja. Wasu suna nuna wa yarinya cewa rayuwa ita ce babban gida da mota. TikTok kuwa ya fi su ɓarna, tunda babu mai tace shi. Sai dai bana na zauna na kalli wasu sassa na Kwana Casa'in na tashar Arewa24 tare da 'ya'yana, shirin da ke nuna yadda ake sayen ƙuri'a, yadda ake tsoratar da ɗan jarida, da yadda mulki yake canza mutum. Da aka gama wani sashe na tambayi babbar 'yata ko waye mai gaskiya a ciki. Muka shafe kusan awa guda muna muhawara, har ta kawo hujjar da ta fi tawa. Rabon da mu yi doguwar hira irin wannan da ita har na manta. Tun ranar na gane cewa babban laifinmu shi ne barin yara su kalla su kaɗai.

Sai kuma kokawa, wadda ita ce ta rufe mana shekara. An kammala gasar Takobin Ƙasa karo na 44 a Agadas, kuma Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka na jihar Doso, shi ya sake ɗaukar takobi, karo na shida ke nan. Mu mutanen jihar Maraɗi mun so a ce namu ne. Muna da tarihin da za mu yi alfahari da shi, domin da aka fara gasar a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi ne, Yacouba Ango Kantou, ya ɗauki takobin farko, kuma sunansa filin kokawar Maraɗi yake ɗauke da shi har yau. Kwana da kwanaki garin nan kowa na manne da rediyo ko tele, tsoho da yaro, mai goyon bayan sojoji da wanda zuciyarsa ke tare da gwamnatin da aka kifar, duk a benci ɗaya.

Ina zaune cikinsu ina lura da abin da yaran suke gani. Jihohi takwas, kowace ta kawo 'yan kokawa goma. Doka ɗaya ce ga kowa, kuma kowa ya san ta tun kafin a shiga fage. Sarkin bara bai da wata kujera da aka ajiye masa, sai ya sa walki ya shiga rairayi kamar sabon shiga, idan aka kayar da shi ya fita daga sahun masu neman takobi. Mai laya da marar laya alƙali ɗaya ne yake yi musu hukunci. Makaɗa za su yi wa mutum kirari har ka ɗauka dutse ne, 'yan cali-cali kuma su fito su kwaikwayi tafiyarsa jama'a na dariya, babu wanda zai kama su. In an yi kaye, wanda ya faɗi ya tashi ya kaɗe jikinsa, sau da yawa ma wanda ya kayar da shi ne zai miƙa masa hannu. Ba a ɗaure shi, ba a kore shi daga gari, baɗi kuma ya dawo.

Ku kwatanta wannan da tarihin mulkinmu. An yi juyin mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, ga kuma na 2023. Sau ɗaya tak, a watan Afrilun 2021, zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe mulki, shi ma ɗin an yi ta jayayya kan sakamakon zaɓen. A siyasarmu wanda ya faɗi ba ya yarda ya faɗi, saboda ya san abin da ke jiran wanda ya faɗi. Wanda ya hau kuma ba ya son sauka, saboda dalili guda. Ga shi kuwa a zamanin mulkin soja na Seyni Kountché aka kafa gasar takobin nan don haɗa kan 'yan ƙasa, shekara da shekaru tana nuna mana abin da muka kasa yi a wajen fage.

Wasu ƙasashe ma wasa ya riga siyasarsu hankali. Amurkawa suna da wasan da suke ɗauka na gado, wanda ake bugun 'yar ƙwallo da sanda, suna ce masa besbol. Shekaru da dama ba a yarda baƙar fata ya buga a manyan ƙungiyoyinsa ba, sai a 1947 da Jackie Robinson ya shiga ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn. An zage shi, an yi masa barazana, amma dokar wasa ɗaya ce, kuma idon jama'a ya ga iyawarsa. Sai bayan shekara goma sha bakwai, a 1964, ƙasar ta yi dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a. Yaran da suka taso suna kallonsa su ne manyan da suka rayu da sabuwar dokar.

Na san wani zai ce, Malam, kokawa wasa ce, siyasa kuwa rai da dukiya ne, kuma fagen kokawar ma bai tsira ba. Gaskiya ne. Ana gardama kan hukuncin alƙalai, magoya baya suna fusata, manya suna amfani da kyautar da suke yi wa 'yan kokawa don neman suna. Ban ce fage aljanna ne ba. Amma ko da aka yi gardama, a kan doka ake yin ta: ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba? Ban taɓa jin wanda ya ce a ba gwaninsa takobi don shi ɗan wane ne ba. Kuma kasancewar siyasa ta fi kokawa haɗari shi ne ma dalilin da ya sa ya kamata yaro ya koyi faɗuwa da tashi tun a wurin da faɗuwar ba ta kashe kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaran nan biyu ban doke su ba. Washegari na ajiye darasin da na shirya, na zana taswira a allo. Na tambayi ajin: wa ke da kaka ko gwaggo ko kawu a ƙetaren iyaka? Hannuwan da suka tashi sun fi waɗanda ba su tashi ba, har da na mai zagin. Na tuna musu cewa sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin Katsinawa ne suka kafa garin. Na gaya musu cewa a watan Agusta, lokacin da ake maganar kawo mana yaƙi, sanatocin arewacin Najeriya sun fito sun ce ba su yarda ba, Sarkin Kano na 14 Muhammadu Sanusi II ya je Yamai, malaman addini ƙarƙashin Sheikh Bala Lau su ma sun je neman sulhu. Yawancinsu ba su taɓa jin wannan ba, saboda mu a fada ɓangaren da ke ƙona rai kawai muke maimaitawa. Gwamnati daban, jama'a daban, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu yana iya fahimtar haka idan aka yi masa bayani.

Ga abin da na ƙudura a sabuwar shekara, kuma nake roƙon abokan aiki su gwada. Zaɓen shugaban aji da na gwamnatin makaranta mu daina naɗa wanda muke so. A yi takara, a jefa ƙuri'a, a ƙirga a gaban kowa, wanda ya faɗi ya tashi ya gaisa da wanda ya ci, a kuma ba shi wani aiki a cikin ajin don ya ga faɗuwa ba ta raba shi da mutuncinsa ba. Bayan wata uku a sake zaɓe, shugaba ya san kujerar aro ce. A lokacin wasanni a bar yara su yi kokawa da langa, ɗaya daga cikinsu ya zama alƙali, a koya musu bin hukuncinsa ko da bai yi musu daɗi ba. A riƙa shirya muhawara, yau ka kare wannan ɓangare, gobe a ba ka ɗayan. Duk wannan ba ya buƙatar ko dala daga ma'aikatar ilimi.

Iyaye kuma, don Allah ku zauna ku kalli abin da 'ya'yanku suke kallo, ko sau ɗaya a mako, ku tambaye su wa ya yi daidai, me ya sa. Idan kuna hirar siyasa, ku duba wa ke zuba muku shayi. Kishin ƙasa abu ne mai kyau, ni ma na koya wa ɗalibaina sabon taken ƙasa da aka amince da shi a watan Yunin 2023, kuma ina jin daɗin yadda suke rera shi. Amma idan kishin ya kai yaro ga zagin mahaifiyar abokinsa, to mun koyar da shi ba daidai ba, kuma gobe da wannan bakin zai zagi ɗan wata jiha, ko ɗan wata jam'iyya, ko mu kanmu.

Ni dai na fara da kaina. Na koma fadar nan na ba su labarin abin da ya faru, na ce ni ma ina cikin masu laifi. Mahaifin yaron ya yi shiru, daga baya ya ce zai je ya ba maƙwabcinsa haƙuri, kuma ya je. Yaran biyu a benci ɗaya suka saurari karon ƙarshe na Agadas, dukansu suna jin haushin takobi bai zo Maraɗi ba.

Allah ya buɗe mana iyakokinmu, ya sauƙaƙa wa talaka, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya shirya mana zuri'a. Allah ya kai mu baɗi da rai da lafiya.