Kwano ya dafa mu: me ya hana mu gini da jar ƙasa?

Duk wanda ya taɓa yin sujada a ƙasar Bagudo cikin watan Afrilu ya san abin da zan faɗa. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya kwano ya ɗauki zafi, mata suna fifita da littafin waƙa, jarirai suna kuka, mai wa'azi kuma yana yanke rabin abin da ya shirya. Da an tashi, kowa sai ya ruga gindin dogon yaro. Ginin nan kuwa mu muka yi shi da baikonmu, shekara da shekaru muna tara bulo.

Yanzu ma bulon ya fi ƙarfinmu. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ɗauko shi daga Sakkwato zuwa Illo ko Lolo ko Tsamiya ya zama wani nauyi dabam. Masana kuma sun ce yin siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya. Wato muna sayen zafi da tsada, muna kuma ƙara wa 'ya'yanmu wani.

Akwai wata hanya, ba kuwa daga Turai za a kawo ta ba. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti ɗan kaɗan, a matse ta da injin hannu, tubali ya fito da ƙarfi ba tare da an ƙona itace ba. Bango mai kauri na irin wannan tubali yana tare zafin rana, sai dare ya sake shi. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare da shi a 2001, ya ɗaga kwano can sama da rufin tubali domin iska ta ratsa tsakani. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma ga masu zanen gini. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina babban masallaci da wannan tubali, aka gama a 2018, tsohon masallacin kuma aka mai da shi ɗakin karatu. Maƙwabtanmu ne, ƙasarsu irin tamu ce.

To, me ya hana mu?

A ganina babban abin kunya ce. A wata ikkilisiya da na yi hidima, na kawo wannan shawara gaban dattawa, sai wani dattijo ya ce mini, "Fasto, daga ɗakin laka muka fito, kana so ka mai da mu?" Ban ji haushinsa ba, domin na gane inda ya dosa. Ƙaramar jama'a da ke zaune cikin masu yawa, wadda sau da yawa ba ta da takardar fili a hannu, tana son gini da zai shaida cewa ta zauna da gindinta. A idonmu bulo da fenti su ne wannan shaida, laka kuwa alamar wanda zai iya tashi gobe. Amma abin da ke tabbatar da fili takarda ce da zaman lafiya da maƙwabta. Na ga bangon bulo da aka buga da yashi mai yawa, siminti kaɗan, yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli kafin shekara biyar, ana kuma kiransa ginin zamani.

Akwai kuma tsoron da ke da gaskiya, ba zan ɓoye shi ba. Mu mutanen bakin Kwara ne. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2020 a jihar Kebbi sun ga yadda ɗakunan laka suka narke, iyalai suka kwana a makarantu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai a duba yadda aka yi waɗancan ɗakuna: laka ce tun daga ƙasa, babu tushe na dutse, babu bakin rufi mai tsawo da zai kare bango daga feshin ruwa. Inda ruwa ke kwanciya kwanaki, ni ma ba zan ce a gina da ƙasa ba. Amma a kan tudu, in an ɗaga tushe da dutse da siminti har gwiwa, aka fito da rufi sosai, bangon ƙasa yana daɗewa. Simintin da ake da shi a sa shi inda ruwa ke taɓawa.

Sai maganar hannu. Tsofaffin maginanmu da suka san azara da makuba suna ƙarewa, giginyar da ake tsaga azara ma ta yi wuya. Samarin da suka koyi aikin birkila bulo kaɗai suka sani, kuma ba wanda zai ba ka shawarar aikin da bai iya ba. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera injin matsa tubali tun da daɗewa, amma ni dai ban taɓa cin karo da shi a kasuwar Bagudo ko ta Kaoje ba. Abin da aka ƙera ya tsaya a birni. A ƙetaren iyaka kuwa, ƙungiyar La Voûte Nubienne, wadda ta fara a Burkina Faso a 2000, ta kai aikinta arewacin Benin, wajajen Djougou, tana koya wa magina rufa ɗaki da tubalin ƙasa zalla, babu katako babu kwano. Muna tsallakawa Segbana cin kasuwa da biki da jana'iza, amma ba mu taɓa tsallakawa koyon wannan ba.

Yadda kuɗinmu ke shigowa ma yana da hannu. Bulo yana haƙuri: ka buga ɗari bana, ka jingine, ka ƙara baɗi. Ginin ƙasa yana so a fara shi bayan girbi a rufe shi kafin ruwan farko, wato a tara kuɗin rufi tukuna. Wannan tsari ne kawai, kuma aikin gayya da muka gada ya dace da shi, tun da haƙar ƙasa da tankaɗe da matsa tubali ba su bukatar kuɗi sai ƙarfi.

Ba na cewa a rushe abin da aka gina. Inda kwano ya riga ya hau, a sa silin, a buɗe tagogi a sama kusa da rufi domin iska mai zafi ta fita, a shuka itatuwa ta yamma. Roƙona ga shugabannin gunduma shi ne ikkilisiyoyi uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi injin hannu guda, su aika samari biyu su koyi aikin a wannan rani. A fara da ɗakin makarantar Lahadi guda ɗaya, a kan tudu. In watan Afrilu ya zo, a kira dattawa su zauna a ciki da tsakar rana, sa'an nan a koma kan maganar majami'a.